Bajon da Ba a Rataye Ba

Kwana goma sha biyu bayan ya sa hannu a bakin tukunyar wurin aikinsu, Kawu Hashim ya kasa riƙe kofin shayi. Jannatu tana tsaye a ƙofar ɗakinsa a Kurmin Sarki, jaka a kafaɗa, ta zo su wuce wurin aiki tare kamar kullum, sai ta ga kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama ya kife a kan tabarma. Ya sa hagu ya ɗauke kofin, ya tura na daman ƙarƙashin riga.

"Kawu, kwance tsumman nan in gani."

"Ki ga me? Na gaya miki salansar babur ce ta lashe ni."

"Salansa ba ta jiran kwana goma kafin ta tayar da bororo. Kwance."

Ya harare ta, amma ya miƙo hannun. Ta warware tsumman a hankali. Manuniya da ta tsakiya sun kumbura suntum, fatar tana sheƙi, janta ya fara komawa baƙi, ga bororo uku cike da ruwa. Jan ya gangaro har gindin babban yatsa. Matarsa Rabi'a ta shafa masa man kaɗanya, bai yi komai ba.

Kawu Hashim ƙanin mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun da babanta ya rasu. Da waɗannan yatsun ya yi shekara ashirin yana kwance injin mota a bakin titi a Gauraka, har ta gama digirinta na fiziks. Ta san abin da take kallo. Ta gan shi a shafukan ƙarshe na littafin da aka ba su lokacin horo, shafukan da kowa yake saurin wucewa. Ta kuma san abin da ke biyo bayan bororo: gyambon da ba ya warkewa, daga nan sai wuƙar likita.

"Yau ba aiki," ta ce. "Asibiti za mu."

Wurin aikin nasu tashar binciken kaya ce a gefen layin dogo, tafiyar kusan awa guda daga Suleja in an bi ta Diko. Wani kamfani ne ya karɓi kwangilar gudanar da ita. Hasumiyoyi biyu ne na ƙarfe, ɗaya a kowane gefen layin, an zagaye su da shingen waya. A jikin ɗaya akwai wani ƙaton curin ƙarfe da dalma da ma'aikatan suke kira tukunya. A cikinta akwai ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar wake girma ba, shi ke fitar da hasken gama, hasken da ido ba ya gani, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa bangon tarago kamar ba ƙarfe ba. Jirgin kaya yakan shigo yana rarrafe. Sai kan jirgin da direba yake ciki ya wuce tukuna, sannan jiniya ta yi kuka, jar fitila ta kama, murfin tukunya ya buɗe. Hasken ya ratsa tarago, ɗaya hasumiyar ta karɓa, hoto ya fito a allon kwamfutar Jannatu: buhunan taki, tayoyi, injinan niƙa, duk a launin toka da baƙi. Jami'an kwastan a ɗakin da ke kusa su duba hoton su duba takardar kayan. In takarda ta ce tayil ne, hoto kuma ya nuna wasu dogayen abubuwa a jere a ƙarƙashi, sai a ware taragon. Da tarago na ƙarshe ya wuce, murfi ya rufe, fitila ta mutu. Doka ɗaya ce babba a wurin: muddin jar fitila tana ci, babu mai tsallaka waya.

Kowane ma'aikaci yana da bajo, ɗan ƙaramin abu kamar akwatin ashana da ake maƙalawa a ƙirji. Shi ke tara lissafin hasken da ya shiga jikin mai shi. Ƙarshen wata a tattara a kai ɗakin gwaji a Abuja. Shekara biyu da suka wuce bajon wani mai suna Markus ya dawo da lamba sama da ƙa'ida. Aka ce ya je ya huta wata uku, ba a sake kiransa ba. Tun daga ranar aka buga ƙusa a bayan ƙofar ofis. Kowa ya zo da safe sai ya rataye bajonsa a kai, ya ɗauka in zai tafi gida. Wata ashirin da huɗu takardar gwaji tana dawowa da sifili a gaban kowane suna, har manajan tashar, Oga Eugene, ya sa aka yi wa ɗaya firam aka kafe a bango.

Jannatu kaɗai ba ta taɓa rataye nata ba. A kan hijabinta take maƙala shi, daidai inda kowa zai gani. Alheri, wadda suke zama gefe da gefe a gaban allo, ita ta raɗa mata Hajiya Bajo.

"Ke ko banɗaki za ki sai da ɗan rahoton nan? Wallahi ranar aurenki ma da shi za a kai ki."

"In mijin yana fitar da haske, ai gara in sani," Jannatu takan ce, su yi dariya.

Da damina ta kankama, murfin ya fara maƙalewa. Tsatsa ta kama sandar da ke tura shi. Injiniyoyin kamfanin suna Legas, kiransu kwana uku ne, jirage kuma ba za su yi kwana uku a tsaye ba. Kawu Hashim an ɗauke shi ne don kula da janareta, amma shi mutum ne da bai taɓa ganin ƙarfe ya ƙi motsi ya ƙyale shi ba. Sai ya zama in murfi ya maƙale, ya ɗauki sifana, ya tsallaka waya, ya ɗan buga sandar, murfi ya rufe. Minti ɗaya, minti biyu. Jannatu ta yi magana, ta rubuta takarda har sau biyu, Oga Eugene ya sa a durowa.

A ranar da abin ya faru, sandar ba maƙalewa ta yi ba, karyewa ta yi daga ciki. Kawu ya cusa hannun dama cikin tsagar da hasken ke fita, yana laluben guntun da yatsu. Jannatu tana kallon agogon allo. Minti goma. Minti ashirin da biyar. A minti na talatin da huɗu ta tashi, ta tsallaka waya jar fitila tana ci, ta tsaya taku biyu a bayansa tana jan rigarsa tana kiran sunansa. Minti shida ta yi a wurin kafin murfin ya rufe. Ya fito yana dariya, yana goge baƙin mai a wando.

"Kin gani? Ko ɗumi ban ji ba."

A asibitin cikin gari, likitar da ta duba shi wata Bayarabiya ce mai suna Morenike, Hausarta da ɗan nauyi amma ba ta ɓata kalma. Ta juya hannun a ƙarƙashin fitila.

"Baba, me ya ƙona ka?"

"Salansa, likita."

"Salansar nan tana da wayo. Ta zaɓi yatsa biyu ciki da waje, ta bar sauran."

Jannatu ta buɗe baki ta faɗi komai, daga tukunya har minti arba'in. Kawu yana ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Kada ki biye mata, likita. Yarinya ce, karatu ya yi mata yawa."

Likita ba ta kalle shi ba. Ta ce wa Jannatu: "Zan wanke in ɗaure, amma wannan ba irin ƙunar da nake yi wa magani ba ce. Akwai waɗanda suka san ta a Abuja. Abin da za su fara tambaya shi ne nawa ya shiga. Da lambar suke gane naman da ya riga ya mutu da wanda za a iya cetowa, don ido ba ya nuna musu sai lokaci ya ƙure. Ba kuna da abin awo ba? Ki kawo mini takardarsa." Sannan ta juya ga Kawu. "Kai kuma, Baba, hannun nan kada ya sake zuwa kusa da abin nan. Har na hagun."

Takardarsa. Jannatu ta san abin da ke cikinta: sifili ashirin da huɗu a jere. A takarda, Kawu Hashim bai taɓa kusantar tukunya ba. Bajonsa ya yi minti arba'in ɗin nan a bayan ƙofa, a inuwa, tare da na sauran.

A motar komawa ta kai hannu ƙirjinta ta taɓa nata. Shi kaɗai ne ya shiga cikin waya a ranar. In aka karanta shi, za a san abin da minti shida suka zuba a taku biyu. Sauran kuwa lissafin aji biyu na jami'a ne: duk sanda ka rage rabin nisanka da tukunya, hasken ya ninka huɗu. Daga taku biyu zuwa tsawon ɗan yatsa, daga minti shida zuwa arba'in, za ta iya fitar da lambar da likitocin Abuja suke nema a takarda ɗaya. Sai dai bajon ba zai faɗi rabin magana ya bar rabi ba. Zai ce mai shi ta tsallaka waya jar fitila tana ci.

Washegari Litinin Oga Eugene ya kira ta ofis. Haifaffen Suleja ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, kuma ba mugun mutum ba ne. Shi ya kai Rabi'a asibiti a motarsa lokacin da ta yi ɓari bara. Ya tura ƙofa, bajo goma sha ɗaya suka yi ƙara a kan ƙusa. Ya ciro wani bajon sabo fil a leda ya ajiye a gabanta.

"Injiniya, naki ya sha ruwan sama. Ki ba ni shi, mu rubuta ya lalace. Ga wannan."

"Bai sha ruwa ba, Oga."

"Abeg, Jannatu, zauna mu yi magana kamar manya. Juma'a ƙarshen wata. In naki ya tafi Abuja, me zai ce? Zai ce ke da kika fi kowa sanin doka kin tsallaka waya. Lasisinki ya tafi ke nan. Su zo su ga sanda a karye, su liƙa takarda a get. Mutum goma sha biyu ne a nan, kowa da bakunan da yake ciyarwa."

"Hannunsa yana ruɓewa, Oga."

"Na sani. Zan kai shi wurin mai maganin ƙuna a Diko, mutumin ya iya aiki. Shi kansa kawun naki ya zo nan da safe ya roƙe ni in yi miki magana."

Ta ɗauki sabon bajon ta jefa a jaka. Nata kuma ta bar shi inda yake.

"Sai Juma'ar," ta ce.

Kwana uku ta yi da bakinta a rufe, kuma ba ta taɓa yafe wa kanta kwanakin nan ba. Kawu bai daina zuwa aiki ba, wai in ya zauna a gida za a yi tambaya. Ba ya iya tuƙa babur, sai suka koma bin motar haya. A kujerar baya yake yi mata magana ƙasa-ƙasa, hannun a kan cinya kamar jaririn da aka naɗe.

"Ni na kai ki wurin nan, Jannatu. Ni na durƙusa wa Eugene na ce 'yata ta yi karatu, a gwada ta. Kada ki sa a ce jinina ne ya rufe wa mutane bakin abinci. Yatsa ne fa. Makaniken da ya kai shekaruna da yatsunsa goma cif ai bai yi aiki ba."

"Ba yatsa ba ne, Kawu. Yana hawa."

"In ya hau, Allah ne ya hau da shi."

Alheri ma ta daina tsokana. Ranar Laraba, suna kallon taragon siminti yana wucewa a allo, ta ce ba tare da ta juyo ba: "Ke ba ki da yara. Ni uku gare ni, ubansu yana ƙasa. Ki tuna da wannan in kina taƙamar karatunki."

Kowace safiya tana kwance tsumman, kowace safiya baƙin ya ƙara matsowa. Bororon sun fashe, ƙarƙashinsu fari fat, ba jini. Kawu ya ce yatsun biyu sun daina ciwo, yana murna. Ita ta san abin da daina ciwon yake nufi. Babban yatsan ne yanzu yake hana shi sukuni, wato shi yana da sauran rai.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jirgin taki ya shigo, tarago ashirin da biyu. Na ƙarshe ya wuce, Alheri ta danna maɓallin rufewa. Jar fitila ba ta mutu ba. Ta sake dannawa. Jiniya ta ci gaba da kuka. Waldar da aka yi wa sandar bayan karyewarta ce ta saki. Can baya, wani jirgin ya riga ya tsaya yana jiran a ba shi hanya, kuma direba ba zai ratsa ba murfi yana buɗe.

Ta taga Jannatu ta hango Kawu ya fito daga rumfar janareta. Hannun dama a rataye a wuya da ƙyalle. Sifana a hagu.

Ba ta san sanda ta tashi ba. Ta fizgi kwaɗo da mukulli daga jikin bango, ta fita cikin ruwan da gudu, ta riga shi isa ƙofar waya. Ta ja ƙofar, ta datse kwaɗon, ta jefa mukullin cikin rigarta ta wuya. Sannan ta juyo ta jingina bayanta da wayar.

"Matsa, Jannatu."

"Likita ta ce har na hagun."

"Ai Allah biyu ya yi mini. Minti ɗaya ne. Ba ni mukulli."

"Zo ka ɗauka."

Ya tsaya. Oga Eugene ya iso da lema, wasu ma'aikata a bayansa, jami'an kwastan biyu suna leƙowa daga ƙofarsu. Duk maza ne, kuma duk sun ga inda mukullin ya shiga. Babu wanda ya matso.

"Jannatu, jirgi yana jira!" Oga Eugene ya ɗaga murya don jiniya. "So kike a bar abin nan a buɗe?"

"A bar shi. Daga bayan waya ba ya cin kowa, ku kuka koya mana. Wanda ya shiga yake ci."

A jikin ƙofar akwai wani allon ƙarfe mai ruwan ɗorawa, da lambar wayar gaggawa ta hukumar da ke kula da irin waɗannan na'urori. Rana ta cinye rabin fentin. Shekara uku allon yana nan, ba wanda ya taɓa kiran lambar. Jannatu ta ciro wayarta, ta goge ruwan da ke kan allon da gefen hijabi don ta ga lambobi biyun ƙarshe.

"In kika kira lambar nan," in ji Kawu, "babu ni babu ke."

Ta kalle shi. Ruwa ya jiƙa ƙyallen da ke hannunsa, wani ruwa mai launin ɗorawa yana ɗiga daga ƙasansa. Ta danna. Da aka ɗauka ta faɗi cikakken sunanta, da lambar lasisinta, da sunan tashar. Ta ce murfi ya maƙale a buɗe, akwai mutum ɗaya da ya ƙone a hannu kwana goma sha shida da suka wuce, akwai kuma mutum ɗaya da ya tsallaka waya jar fitila tana ci.

"Wane ne ya tsallaka?" aka tambaya daga can.

"Ni ce."

Kafin la'asar mutum huɗu suka iso daga Abuja da mitoci masu ƙara ƙas-ƙas da dogayen sanduna. Daga nesa suka rufe murfin, cikin minti ashirin, babu wanda ya kai hannu. Shugabarsu, wata mata mai furfura a goshi, ta nemi a kawo mata bajon kowa. Oga Eugene ya shiga ofis zai kwaso, ta bi shi, ta ga ƙusar da idonta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kalli takardar da ke cikin firam.

Jannatu ta cire nata daga hijabi. Wurin ya bar 'yan hudoji biyu a yadin. Ta miƙa shi tare da takardar da ta riga ta zana: tukunya, taku biyu, minti shida, tsawon yatsa, minti arba'in, da gurbi guda da ta bari don lambar da bajon zai bayar.

"Kin san abin da wannan zai jawo miki?" matar ta tambaya.

"Na sani, ranki ya daɗe. A karanta shi yau in da hali. Babban yatsansa bai mutu ba tukuna."

A daren aka karanta shi. Washegari aka kwantar da Kawu Hashim a Abuja. Lambar da Jannatu ta fitar da wadda likitocin suka fitar ba su yi nisa da juna ba. Da ita suka ja layi a hannun da alƙalami. Manuniya da ta tsakiya sun sha abin da babu nama mai rai da zai ɗauka, aka cire su daga gindi. Babban yatsan yana kan iyaka. Suka yanke abin da ya mutu, suka ɗebo fata daga cinyarsa suka rufe, suka ce a jira. Babban likitan ya gaya wa Jannatu a baranda cewa da an ƙara mako guda ana shafa mai, da daga wuyan hannu za su fara magana.

Takardar sallamarta ta riga Kawu dawowa gida. Lasisinta an dakatar da shi shekara biyu. Tashar an liƙa mata takarda a get, jirage suka koma wucewa ba tsayawa, aka ce sai an sake na'ura, an kuma sake kamfani. Oga Eugene ya tafi amsa tambayoyi, daga nan ba ta sake jin labarinsa ba. A Kurmin Sarki maganar ta zaga: 'yar boko ta kai ƙarar kawunta, ta rufe wa mutum goma sha biyu wurin aiki. A wurin suna, mata sukan yi shiru in ta shigo. Ba ta daina zuwa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Takan gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, har sai sun amsa.

Alheri ta kafa teburin shinkafa da wake a bakin titi a Gauraka. Ranar da Jannatu ta tsaya a gabanta, ta ci gaba da zuba wa wani direba miya kamar ba ta ga kowa ba.

"Alheri, ina wuni. Ya yara?"

"Suna cin karatunki," in ji Alheri, ta juya baya.

Kawu kuwa ya cika alkawarinsa. Bai sake yi mata magana ba. Amma an ce a riƙa wanke ciwon kowace safiya, Rabi'a kuma ba ta iya kallonsa ba tare da jiri ya ɗebe ta ba. Don haka kullum ƙarfe bakwai Jannatu takan yi sallama, ba a amsa ba, ta shiga. Ya juya fuska ga bango ya miƙo hannun ta baya. Ta kwance, ta wanke, ta duba launin fatar da aka dasa, ta ɗaure, ta ce "Allah ya ƙara sauƙi, Kawu," ta fita ta tafi makarantar da ta samu tana koyar da lissafi. Mako bakwai haka. A mako na uku gefen fatar ya yi duhu, ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. A na huɗu duhun ya tsaya. A na shida ta ga yana motsa yatsan a ɓoye, yana taɓa ɗan ƙaramin da shi.

Wata Asabar ta zo ta tarar ba ya nan. Rabi'a ta ce ya fita tun da sassafe da tsohuwar jakar kayan aikinsa. Jannatu ta hau mota zuwa Gauraka.

Tsohuwar rumfarsa tana nan a bayan masu sayar da taya, kwanon rufin ya ɓule a wuri biyu. Wani mai tasi ya buɗe masa gaban mota yana tsaye yana duba agogo. Kawu ya sunkuya a kan injin. Ya saka sifana tsakanin babban yatsa da biyun da suka rage, ya ɗora a kan noti, ya murɗa. Sifanar ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Ya ɗauka da hagu, ya mayar dama. Ta sake faɗuwa.

"Baba, in ba za ka iya ba ka gaya mini in tura gaba," in ji mai tasin.

Kawu ya ƙara sunkuyawa a kan injin. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Jannatu ta tsaya a bakin rumfar, kusa da jakar kayan, ba ta kai hannu ta taimaka ba. Ya gan ta, ta san ya gan ta. Ya ɗauki sifanar karo na uku, ya juya ta, ya duba bakinta, ya duba notin. Ya jefar da ita gefe.

"Wannan sha huɗu ce," ya ce wa injin. Ya miƙo hannun ta baya, tafin a buɗe, gibin yatsu biyun a fili. "Miƙo mini sha uku."

Ta durƙusa ta laluba cikin jakar, ta samo, ta ɗora masa a tafi. Babban yatsan ya sauko a hankali, fatar cinya a kansa tana sheƙi, ya danne ƙarfen. Ya riƙe.